Ina Lauyoyin Zango?

Duk lokacin da maganar karatun yara ta taso a Zangon Kwatano, abin da muka iya ɗaya ne: a haɗa tawagar dattawa, a sa manyan riguna, a je a gaida wani babba, a dawo da alkawari. Shekara ta zagayo, yaron da aka je dominsa yana nan yana dakon kaya a kasuwar Dantokpa.

Jama'a, roƙon me muke yi? Sashe na 13 na tsarin mulkin Benin na 11 ga Disamba 1990 ya ce karatun firamare dole ne, kuma gwamnati za ta mai da shi kyauta sannu a hankali. A 2006 gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makarantar firamare. Sashe na 3 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙara Kotun Tsarin Mulki da kansa. Haƙƙi ne rubutacce, mu muka mai da shi alfarma.

A dubi Najeriya. Lauya Femi Falana ya tsaya wa ƙungiyar SERAP a kotun CEDEAO da ke Abuja. Gwamnati ta ce ilimi manufa ce kawai, ba abin shari'a ba ne. A 2009 kotu ta yi watsi da wannan hujja, a 2010 ta ce a cike giɓin kuɗin ilimin da aka wawure.

Za a ce to, ai har yau almajirai na yawo a Kano. Haka ne, hukunci ba ya gina aji. Amma mai takardar kotu a hannu bashi yake bi, mai gaisuwa kuwa sai abin da aka ga dama.

Aikin ma ba sai a babbar kotu ba. Yaron da ba shi da takardar haihuwa kan makale wajen jarrabawar CEP, alhali lauya zai iya fitar masa da ita. Lauyoyinmu kuwa sun fi ganewa rigimar fili da ta kwantena.

Attajiran Zango, cikin kuɗin da kuke kashewa wajen biki ku ɗauki nauyin yara biyu, mace da namiji, su karanta shari'a a Jami'ar Abomey-Calavi, da sharaɗin su dawo su tsaya wa makarantun unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.