Ɗakin Oksijin Ba Maganin Kowace Cuta Ba Ne

Akwai wani magani da ake yi a manyan asibitocin duniya: a shigar da majinyaci cikin wani ɗaki na ƙarfe ko gilashi, a rufe, a ƙara matsin iskar ciki ya ninka ta waje sau 2 zuwa 3, sannan ya riƙa shaƙar zallar oksijin na kusan awa 2. Matsin ne ke sa oksijin ya narke cikin ruwan jini sosai, ya kai wuraren da jini ba ya isa da kyau.

Amfaninsa tabbatacce ne. Da shi ake ceto masu nutso a teku da suka taso da sauri har kumfar iska ta cika musu jini. Ana amfani da shi ga gyambon ƙafar masu ciwon suga da ya ƙi warkewa, da naman da ya lalace bayan gashin cutar kansa. Sai kuma wanda ya fi shafar mu: gubar hayaƙin janareto da gawayi. Wannan guba kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin rabinta ya fita daga jini idan iskar gari mutum yake shaƙa. A cikin ɗakin nan, ƙasa da rabin awa. Iyalai nawa muka ji an wayi gari sun mutu a ɗaki saboda an kwana da janareto a tsakar falo?

Inda nake da ja shi ne 'yan kasuwa. A Amurka wasu cibiyoyi na tallarsa a matsayin maganin cutar kansa, da galahanga, da mantuwar tsufa, har hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi jama'a cewa ba a tabbatar da hakan ba. Kuma ba wasa ba ne: yana iya fasa dodon kunne, kuma oksijin da wuta ba sa ga maciji. A watan Janairun 2025 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a jihar Mishigan bayan irin wannan ɗaki ya kama da wuta.

Don haka duk wanda ya ce maka a kai ɗanka waje a saka shi cikin ɗakin oksijin, ka fara tambayar likitanka. Su kuma gwamnonin jihohinmu, kafin a yi maganar ɗakin matsi, a fara wadata asibitocin ƙananan hukumomi da tukunyar oksijin ta yau da kullum, wadda ita ce taimakon farko ga wanda hayaƙi ya shaƙe.