Mu Gyara Cinikinmu Da Masu Gina Shafin Intanet

Duk wanda ya san kasuwa ya san akwai mutanen da ba su da rumfa, ba su da tsibin kaya, amma in babu su kasuwa ba ta ci. Akwai ɗan dako, akwai dillali, akwai mai awo. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin mutum guda a wannan jeri, wato yaron nan da ke zaune da kwamfuta a kan cinya, wanda ake kira mai gina shafin intanet. Wasunsu 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa daga garuruwa irin su Sae Sabuwa da ke yankin Gidan Rumji, da Agiye da Gazawa. Wani ya yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wani kuwa da wayar hannu ya koya wa kansa. Mu a ganinmu akwai gyara babba a yadda muke ciniki da waɗannan yara, domin yadda ake tafiya yanzu su suna asara, mu ma 'yan kasuwa muna asara.

Da farko ya kamata mu san abin da muke saye. Shafin intanet tamkar rumfa ce, kuma abu uku ne ke tsayar da ita. Akwai suna, wato adireshin da mai saye zai rubuta a wayarsa ya iske mu, kamar dai lambar rumfa a layin kasuwa. Akwai fili, wato wurin da ake kamawa haya a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, galibi ma a wata ƙasa take. Sannan akwai ginin kansa, wanda shi ne aikin hannun yaron. Gini sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, amma suna da fili haya ce, duk shekara sai an sabunta. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin alhazai da waɗannan yara daga rashin sanin wannan take tasowa.

Kuma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe shafi. Shi ne zai ɗauki hoton buhun aya da na riɗi da galan ɗin man gyaɗa, ya rage wa hotunan nauyi domin su buɗe a ƙaramar waya ba tare da sun cinye wa mai saye data ba. Shi ne zai rubuta bayanin kaya da Hausa saboda mutanen gida, da Faransanci saboda na Yamai da Kwatano, da Ingilishi saboda na Legas. In farashi ya tashi ranar kasuwa shi za a kira ya canza. Shi ne zai riƙa ajiye kwafin shafin a wani wuri don gudun ɓacin rana, ya kuma toshe kafar da ɓarayin intanet za su iya shigowa. Duk wannan ba a ganinsa da ido kamar ɗinkin tela, shi ya sa ake raina shi.

Ga kuma matsalar wuta da layi. Idan masu karatu ba su manta ba, bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma jihar Maraɗi ta ji a jikinta, domin layin da ke kawo mata wuta daga Katsina ya taso ya biyo ta Gazawa. Sai a watan Maris na 2024 aka janye takunkumin. Kafin nan, a watan Fabrairun 2021, an rufe intanet na wayar hannu a Nijar na wajen kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa. Mai sayar da gero a irin waɗannan ranaku zai baza hajarsa ya sayar, mai gina shafi kuwa sai ya naɗe hannu. Don haka ne za ku ga yaron ya sayi faifan sola da batir tun kafin ya sayi babur, yana kuma riƙe da layin Airtel da na Moov da na Zamani, in wannan ya ƙi ya koma wancan.

Mu zo ga batun kuɗi. Samun mai wannan sana'a kamar na manomin damina ne, wata guda aiki ya zo har ya rasa barci, sai kuma a yi wata uku babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Hayar suna da ta fili kuwa yawanci da dalar Amurka ko kuɗin yuro ake biya, kuma sai da katin banki, ba sa jiran kaka. Na Maraɗi ya ɗan fi samun sauƙi, domin sefa ɗaure take da yuro, yuro guda sefa 655 da 'yan kai, ba ya motsi. Takwaransa na Kano da Katsina kuwa ya ga tasku, domin dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yi wa alhaji alkawarin riƙe shafi a tsohon farashi, daga aljihunsa ya yi ciko.

To mu kuma yaya muke yi da shi? Sai mu ce ai ɗanmu ne, ai danne-danne ne kawai, a ba shi kuɗin goro a bi shi da Allah Ya yi albarka. Wani ma sai an gama aiki zai fara taya shi kamar tsohuwar akuya. Bayan shekara hayar ta ƙare, babu wanda ya biya, a wayi gari shafi ya ɓace. Abin da ya fi ciwo shi ne, in aka bar suna ya faɗi aka ɗauki lokaci ba a fanshe shi ba, kowa a duniya yana iya sayensa, alhali kuwa an riga an buga shi a jikin buhu da kati da allon kanti. Haka nan akwai yaran da ke yin rajistar sunan da sunansu, su riƙe lambar sirri, ran da suka sami aiki a Yamai ko suka tafi ci-rani shi ke nan rumfa ta tafi da mabuɗinta.

Maganin wannan bai fi ƙarfinmu ba, domin ciniki ne, mu kuwa ciniki muka gada. Na farko, a raba kuɗin gini da kuɗin hayar shekara, a rubuta kowanne a takarda gaban shaidu. Na biyu, a yi rajistar suna da sunan mai kaya da lambar wayarsa, lambar sirri kuma ta zauna a hannunsa ko hannun ɗansa da ya amince da shi. Na uku, a ba da kafin alƙalami, sauran kuma sai mai kaya ya buɗe shafin a wayarsa ya gani da idonsa. Na huɗu, a yanka wa yaron wani abu duk wata na kula da shafi, kamar yadda muke biyan mai gadin kasuwa. Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ke cikin ƙungiya suna iya haɗa kuɗi su yi shafi guda da sunan ƙungiyarsu, hayar ta fito daga asusu.

Su ma yaran muna da magana da su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kafin alƙalami ya kashe waya ya ɓata wa 'yan'uwansa suna gaba ɗaya. Game da riƙon kuɗi kuwa ba sai sun je nesa neman malami ba. A nan jihar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, inda mata ke zuba 'yan kuɗi duk mako cikin akwati suna ranta wa junansu, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Uwar da ke soya ƙosai ta san ba a taɓa uwar kuɗi. Uwar kuɗin mai gina shafi ita ce kwamfutarsa da batirinsa da hayar shafukan mutane da ke hannunsa. Ya ware waɗannan tun ranar da kuɗi suka shigo, kafin sabuwar waya, kafin shadda.

Sai batun abin da suke yi in sun tashi daga aiki, wanda iyaye ke yawan kuka da shi. Kallon ƙwallo da shan shayi a fada da zuwa filin kokawa duk ba laifi ba ne, mai zaman kujera yini guda yana bukatar miƙe ƙafa. Kuma ba duk daren da aka ga yaro ya ƙura wa waya ido ne yake wasa ba, domin sana'ar tana canzawa kullum, wanda ya daina koyo sai a bar shi a baya. Wasunsu ma a lokacin hutunsu suke rubuta tarihin garuruwanmu a Wikipedia ta Hausa ba tare da an biya su ko dala ba. Abin da muke tsoro shi ne cacar ƙwallo ta waya, wadda ke iya lashe hayar shafin alhaji a dare guda. Nan ne ya kamata iyaye su sa ido.

Wani zai ce, to ina ruwanmu da shafi tun da ga WhatsApp da Facebook kyauta? Gaskiya ne, mai tallan fura ko mai tsibin tumatir ba ta bukatar shafi, kuma yaron kirki zai gaya mata haka ko da zai rasa aiki. Amma mai sari da ke neman abokin ciniki a wata ƙasa ya tuna cewa waɗancan rumfunan aro ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen awa shida, kuma kamfanin yana iya rufe wa mutum lamba ya rasa inda zai kai ƙara. Baƙon da zai turo kuɗin tirelar aya ga mutumin da bai taɓa gani ba yana son ya ga adireshi tsayayye tukuna.

An aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, masu saye daga nesa kuma za su ƙaru. Idan muka kori yaranmu daga wannan sana'a da ƙwauron biya, gobe sai mun nemo baƙo ya yi mana aikin da ninkin kuɗi, kuma bai san bambancin ƙaramar aya da babba ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma shirya mana zuri'a, amin.