Hutun Sallah da na Kirsimeti: darasin Diffa kan raba addini da mulki

Ranar Lahadi 1 ga watan Mayun 2022, mutanen Diffa suka fita idi domin ƙaramar Sallah. A Damasak kuwa, tsallaken kogin Komadugu a ɓangaren Najeriya, 'yan uwansu na cikin azumi, sai washegari Litinin suka yi tasu. Galibinsu Barebari ne masu dangi a gaɓa biyun, kuma wata ɗaya suke duba. Abin da ya raba su shi ne mai sanarwa: a nan Majalisar Musulunci ta ƙasa da hukumomin Yamai, a can fadar Sarkin Musulmi ta Sakkwato.

Wannan ya sa wasu ke tambaya: ƙasar da ta rubuta cewa ta raba addini da mulki, mene ne nata na sanar da ranar Sallah? Wasu kuma ta ɗaya gefen suke tambaya: ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin 100 na jama'arta Musulmi ne, don me take rufe ofisoshi ranar Kirsimeti?

Amsar tana cikin tarihin kalmar kanta. Kundin tsarin mulkin 1960 ya gaji kalmar "laïque" daga Faransa. Bayan babban taron ƙasa na 1991, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka ƙi ta, domin a kunnen jama'a tana nufin ƙasa marar addini. Kundin 1992 ya sauya ta da cewa gwamnati ba ta wani addini ba ce. Na 2010 kuma, a aya ta 3, ya ambaci raba gwamnati da addini, aya ta 8 ta ce ƙasa na mutunta kowace aƙida tana kare ta, amma babu addinin da zai ƙwace ikon siyasa. Duk da haka, a ƙarƙashin kundin nan, shugaban ƙasa kan yi rantsuwa ne da littafi mai tsarki na addininsa. Ke nan Nijar ba ta kori addini daga fili ba, ta dai hana shi hawa kujerar mulki.

Kalandar hutu ta nuna haka. Dokar 1997 kan ranakun hutu ta haɗa ƙaramar Sallah da babba da Mauludi da washegarin daren Lailatul Ƙadari, ta kuma haɗa Kirsimeti da Litinin ta Ista, tare da ranakun ƙasa irin su 24 ga Afrilu da 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. A 2024 hukumomin soja suka ƙara 26 ga Yuli. Ranakun Musulunci sun fi yawa, kamar yadda Musulmi suka fi yawa. Sanar da ganin wata kuwa ba fatawa ba ce daga gwamnati: malamai ke tantance shaida, hukuma ta faɗa wa ma'aikata da 'yan makaranta da bankuna ranar da za a rufe.

Manomin tattasai a bakin Komadugu ko masuncin tafkin Cadi bai damu da takardar hutu ba, aikinsa ba ya jiran ofis. Amma yankin ya san abin da ke faruwa idan wani ya ɗauki bindiga ya ce shi kaɗai ke da addini. Tun hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, jihar ta shiga dokar ta-ɓaci, idi ma ya koma ƙarƙashin gadin jami'an tsaro. Mutanen Barwa sun tsere daga garinsu a shekarar. Sai a watan Yunin 2021, makonni kaɗan kafin Sallar layya, aka mayar da kusan mutum 6,000 gida, kuma a watan Agusta mayaƙan suka sake afka wa garin, suka kashe sojoji 16. Waɗanda aka kora Musulmi ne, waɗanda suka kore su da sunan Musulunci suka yi. Dokar da ta hana wani ya mallaki mulki da sunan addini, Musulmin Barwa ta fara karewa kafin kowa.

Kiristoci ma sun ɗanɗana. A zanga-zangar 16 da 17 ga Janairun 2015 kan zanen jaridar Charlie Hebdo, mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai, aka ƙone coci-coci da dama. Ga tsirarun da suka ga wannan, hutun 25 ga Disamba shaida ce cewa ƙasar tasu ce su ma, kuma bai rage wa Musulmi raka'a ko ɗaya ba.

Sai dai ita ma gwamnati tana da iyakarta. Daftarin dokar tsara harkokin ibada na 2019 ya haddasa tarzoma a Maraɗi, inda aka ƙone coci bayan kama wani limami da ya soke shi. Idan jama'a suka fara ganin malami a matsayin kakakin hukuma, masu wa'azin daji ne ke cin riba.

An dakatar da kundin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma tun Maris ɗin 2025 ƙasar na tafiya da kundin sake gina ƙasa mai wa'adin shekara biyar. Duk ranar da za a zauna rubuta sabon tsarin mulki, wannan batu zai dawo kan tabarma. Kafin a taɓa ayar ko a goge wata rana daga kalanda, ya kamata a fara jin ta bakin mutanen Barwa.