Barasa Mai Zaƙi da 'Ya'yanmu a Bibemi

Duk wanda ya ratsa kasuwar shanu ta Adumri bayan ta watse, ko ya bi ta bakin tasha a garin Bibemi na Kamaru da almuru, muddin yana duban inda yake sa ƙafa, ba makawa zai ga 'yan ƙananan ledojin wiski waɗanda aka tsotse aka yar. Kuma abin da ya tilasta mu ɗaukar alƙalami shi ne, a cikin masu tsotsar nan har da yaran da ba su balaga ba.

A zamanin da, barasar ƙasar nan bilbil ce da arki, waɗanda ake dafawa a gidaje sanannu, kuma ɗacinsu da warinsu kaɗai sun isa su kori yaro, balle kunyar a gan shi a ƙofar mashaya. Amma yanzu da masana'antu suka gano cewa harshen yaro zaƙi yake bi, suka gauraya barasa da sukari da ƙamshin 'ya'yan itace, wata a kwalba mai kama da ta lemo, wata a leda mai shiga aljihun rigar makaranta, suka kuma karya farashinta har dala goma ko ashirin ta kuɗin ƙasar nan ta isa, sai ya zamana ɗacin da warin da kunyar duk sun kau lokaci guda. Ƙarfin barasar da ke cikin ledar nan kuwa ya kai kimanin kashi 40 cikin ɗari, alhali giyar kwalba ba ta cika wuce kashi biyar ko shida ba.

Hukuma ba ta jahilci wannan al'amari ba. A watan Satumba na 2014 ministocin lafiya da ciniki da masana'antu na Kamaru suka sa hannu a kan hukuncin haramta wiskin leda, aka ba masu yin sa wa'adin shekara biyu su sayar da abin da ke hannunsu. Wa'adi ya cika a 2016, aka ƙara, ya sake cika, aka sake ƙarawa, bisa hujjar jarin da aka zuba da ma'aikatan da za su rasa abinci. Ba mu raina wannan hujja ba, domin yunwa ba abin wasa ba ce, sai dai muna tambaya: jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar da aka yanke hukuncin, ashe yau bai kai a aike shi shago da kuɗi a hannu ba? Maƙwabciyarmu Najeriya ma, da hukumar NAFDAC ta soma hani a Fabrairun 2024, irin wannan jan ƙafa aka yi ta yi.

Malaman usulu sun lissafa kiyaye hankali a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, fuƙaha'u kuma sun tabbatar cewa hukunci yana bin illar maye ne, sauya suna ko ɗanɗano ba ya halatta haram. Mazhabarmu ta Malikiyya ma ta shahara da toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku. Amma kada a ɗauka wannan magana ta Musulmi ce su kaɗai, domin Bibemi ƙasa ce ta kabilu da addinai, kuma manomin auduga Kirista, ko da shi kansa yana shan bilbil ranar kasuwa, bai yarda ɗansa ya shiga aji a buge ba.

Saboda haka ba mu ga dalilin zaman jiran Yawunde ba. Dokar ƙasa ta riga ta hana sayar wa yaro barasa, ta kuma hana kafa mashaya dab da makaranta ko wurin ibada, aiwatarwa kaɗai ta rage. Muna roƙon Mai Martaba Lamiɗon Bibemi ya tara lawanai da jaurori, da limamai da shugabannin coci, a yi ittifaƙi da sufurefe da jandarmomi, cewa duk mai tebur ko shagon da aka kama ya miƙa wa yaro leda, a ƙwace hajarsa, in ya maimaita a rufe shagon. Iyaye kuma, ku daina aiken yara sayo ta, ku riƙa tambayar inda kuɗin karin kumallo yake tafiya.