Wa Ke Naɗa Rawani, Wa Ke Biyan Albashi?

 

Mu da muka taso a ƙasar Rano da Kibiya, da wuya a samu wanda bai taɓa jin labarin haraji daga bakin tsoho ba. A Unguwar Gai, ko Tarai, ko Fammar, idan hira ta yi daɗi sai ka ji an tuno yadda ake sayar da akuya ko damin dawa don a biya kuɗin ƙasa, da yadda maigida kan kwana a gona idan ya ji dagaci ya iso da malamin haraji. Labarin kan ƙare a nan, wato daidai lokacin da kuɗin ya fita daga hannun manomi. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne mu marubuta mun yi sakaci da muka bar labarin ya tsaya a nan, domin abin da ya faru da kuɗin bayan ya bar ƙauye ya ishe mu cika littattafai.

Idan muka ɗauki biro za mu rubuta labarin zamanin Turawa, mukan zana Bature ɗaya mai jan kunne da malafa, sai Sarki ɗaya wanda ko dai gwarzo ne ko maci amana. Wannan zane ya yi sauƙi da yawa. Turawan ba bakinsu ɗaya ba. Razdan na Kano yana da ra'ayinsa, Gwamna a Zungeru, daga baya Kaduna, yana da nasa, Ikko da Landan ma kowa da inda ya dosa. Mafi yawan rigimarsu a kan tambaya biyu take: wa zai naɗa mutum a muƙami, kuma daga wace lalita za a biya shi?

Mu fara da naɗi. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Kafin zuwansu, galibin hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ke fita ƙauyuka su tara musu haraji, ƙasar kowane hakimi kuma a warwatse take, gari nan gari can. Razdan Dokta Cargill ya haɗe garuruwa ya mai da su gunduma-gunduma, ya tilasta wa hakimai su fita su zauna a ƙasashensu, har Kanawa suka laƙaba masa suna Mai Gunduma. Da zama ya yi tsami tsakaninsa da Sarki Abbas, a 1908 sai ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, wanda bawan sarki ne, ya ɗora shi a kujerar Waziri. Mu tsaya mu hango wannan fada: bawan da jiya yake faɗuwa gaban ubangijinsa, yau shi ne hanyar da magana ke bi tsakanin Sarki da Bature. Ba a daɗe ba aka ɗauke Cargill, Razdan Temple ya zo a 1909 ya warware wannan naɗi. A cikin shekara guda mutum ya hau ya sauka, don an canza Bature ɗaya a Nasarawa. Wane marubucin wasan kwaikwayo ne zai ga wannan ya wuce?

Sai batun albashi. A da, Sarki da hakimi da dagaci kowa kan cire rabonsa daga abin da aka tara, alƙali kuma yana cin ushira. Daga baya aka kafa baitulmali, tsarin da Palmer ya fara a Katsina, ya kuma bazu zuwa Kano da sauran masarautu. Ana raba haraji da jangali gida biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e. Daga rabon En'e ake yanka wa Sarki albashi, da Waziri, da alƙalai, da dogarai, daga bisani hakimai ma suka shiga layi. A takarda wannan gyara ne, kuma adalci ya sa mu yarda cewa yana da amfaninsa: alƙalin da ke da albashi ba ya dogara da girman dukiyar mamaci kafin ya ci abinci. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga ranar da sarauta ta koma aikin albashi, wanda ke sa hannu a kasafin baitulmali ya zama mai iko da rawani, kuma wannan hannu na Razdan ne.

Wannan ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarautarta tsohuwa ce, amma a littafin En'e ta Kano Sarkin Rano hakimi ne cikin hakimai, da sunansa a jerin masu karɓar albashi. Idan harajin gundumarsa ya yi giɓi, ko Di'o ya zo rangadi ya rubuta rahoto maras daɗi, tsufan sarautar ba zai hana a tuhume shi ba. Shi kuma zai juya kan dagatai, dagatai su juya kan masu unguwanni, mai unguwa ya tsaya a ƙofar gidan manomi.

Babbar rigimar ta taso ne da Gwamna Lugga ya dawo Najeriya a 1912, ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ya tarar da baitulmali ya yi ƙarfi a bayansa, Razdan-Razdan suna kashe kuɗin En'e yadda suka ga ya dace ba tare da sa hannunsa ba. Sai ya nemi a jawo wannan kuɗi ƙarƙashin ikon Gwamnati ta tsakiya, a riƙa bin diddiginsa kamar sauran kuɗin Gwamnati. Temple, wanda a lokacin ya zama Mataimakin Gwamna mai kula da Lardunan Arewa, ya ƙi, Palmer da wasu manyan Razdan suka mara masa baya. Hujjarsu ita ce idan aka mai da sarakuna masu karɓar albashi daga Ikko, sun zama ma'aikatan Gwamnati kawai, talakawa za su daina ganin girmansu. Ofishin Mulkin Mallaka a Landan bai ba Lugga yadda yake so ba. Temple ya ajiye aiki a 1917, Lugga ya tafi a 1919, baitulmali ya zauna.

Rigimar ba ta mutu da tafiyarsu ba. A zamanin da Palmer ya riƙe Arewa, daga 1925 zuwa 1930, an ɗaga rabon manyan En'e zuwa kashi 70 cikin 100, har En'e ta Kano ta iya kawo ruwan famfo da wutar lantarki birni da kuɗinta a wajen 1931. Sai wata tambayar ta ɓullo: injiniya ko likita ko malamin makaranta Bature da ke aiki a ƙasar En'e, wa zai bi, Razdan ko shugaban ma'aikatarsa da ke Ikko? Da Gwamna Cameron ya zo a 1931 ya ja wa Arewa linzami, ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya ta faɗar da farashin gyaɗa, aka rage rabon En'e. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa da arha, shi ba a ɗauke masa haraji ba.

To wa ke da gaskiya, Lugga ko Temple? Mun san da yawa daga cikinmu za su karkata ga Temple, domin yana magana da sunan kare martabar sarakunanmu da barin kuɗin ƙasa a ƙasa. Mu dai muna ganin a yi hattara. 'Yancin da Temple ya kare, galibinsa 'yancin Razdan ne daga sa idon Gwamna. Sarki ba ya iya ƙara wa magatakarda sule ɗaya sai da yardar Razdan. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an ɗebi kuɗi daga baitulmalin masarautu an ba da gudummawar yaƙi, rarar da ake tarawa kuma ana kai ta ajiya Ingila. Lugga ma da yake kiran a bi diddigin kuɗi, so yake diddigin ya ƙare a teburinsa. Dukansu biyu sun ce don talaka suke yi, ba kuwa wanda ya tako Unguwar Gai ya tambayi mai biyan harajin ko rijiya yake so ko hanya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan shi ne darasin da muke so mu ɗauka a matsayinmu na masu rubutu. Idan ɓangare biyu na masu iko suna jayayya, marubuci ba dole ne ya zaɓi ɗaya ya yi masa kirari ba. Aikinsa ya nemo na ukun da ba a ba shi kujera a zauren ba, ya sa shi a tsakiyar labari.

Wani zai ce mana wannan tsohon zance ne, masu karatu soyayya suke so, wa zai sayi labarin baitulmali? Amsarmu biyu ce. Ta farko, zancen bai tsufa ba. A 1962 En'e ta Kano ta shiga matsin kuɗi, Gwamnatin Jihar Arewa ta tura Muffett ya binciki asusunta, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi murabus ya koma Azare. Turawa sun riga sun sauka daga mulki, amma makamin shi ne dai baitulmali. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. A 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Gaya da Ƙaraye da Bichi, a watan Mayu na 2024 aka soke dokar, a watan Yuli aka dawo da Rano a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. A wannan watan ne kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun jihohi ba. Ba mu kawo waɗannan don mu goyi bayan wata jam'iyya ba, kowa a nan yana da ra'ayinsa. Mun kawo su ne don mu nuna cewa tambayar Lugga da Temple har yau ita ake yi, kuma malamin firamare a Kibiya da ke jiran albashinsa ya san ta fiye da mu.

Amsa ta biyu, labarin albashi ai labarin gida ne, soyayyar ma tana ciki. Mu ɗauki malamin haraji matashi da aka turo daga birni, wanda ya ga yarinya a ƙauyen da zai ƙidaya, mahaifinta kuma ya ɓoye shanu uku don gudun jangali. Idan ya rubuta su, ya rasa ta. Idan ya ƙyale, Di'o ya gano, ya rasa aikinsa, wataƙila har da gidan yari. Ko mu ɗauki uwargidan hakimin da aka tuɓe, ranar da fadawan da ke cika zaure suka daina zuwa, aka fara auna hatsi da mudu. Ko dagacin da aka aiko masa da adadin da zai tara a shekarar da ruwa ya ɗauke, ya san gidan kowa, ya san babu. Ko tafinta, wanda shi kaɗai ke jin harshen Razdan da na Sarki, kalma ɗaya da zai murɗe ta isa ta tuɓe rawani. Duk waɗannan mutane ne masu abin rasawa, kuma shi ne abin da ke riƙe mai karatu.

Sai dai akwai sharaɗi. Wanda zai taɓa tarihi ya yi bincike. Akwai littafin Adamu Fika a kan yaƙin basasar Kano da mulkin Turawa, akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Mafi kusa da mu kuma su ne tsofaffinmu, waɗanda suka biya haraji da hannunsu kafin 1979, kuma kullum raguwa suke yi. Mu je da waya mu naɗi muryarsu, mu tambaye su nawa ake biya, wa ke karɓa, me ake yi wa wanda ya gaza. A ƙagaggen labari muna da damar ƙirƙirar malamin haraji da budurwarsa, amma ba mu da damar ɗora wa wani sarki ko hakimi na gaskiya laifin da ba mu da hujjarsa, domin jikokinsa suna raye, wataƙila ma suna cikin wannan zaure. Idan labarin yana buƙatar azzalumin hakimi, a ƙirƙiro shi, a ƙirƙiro masa gari.

Haka nan mu kula da harshe. Mutumin 1920 ba ya cewa kasafin kuɗi ko ƙaramar hukuma. Yana cewa En'e, gunduma, rangadi, kuɗin ƙasa, fam da sule da kwabo da anini. Talaka ba ya duban hakimi ya yi masa gardama kamar a fim, yana faɗuwa ne ya ce ranka ya daɗe, ƙin yardarsa kuma ta fito ta wata hanya: ya ƙaura da dare, ko ya rage adadin matasan gidansa a ƙidaya. Marubucin da ya iya nuna wannan ya fi wanda ya sa wa manomi jawabin siyasa a baki.

Aikinmu na wannan mako ga wanda ya samu dama: a rubuto shafi ɗaya, kalma ɗari uku zuwa ɗari biyar, a bi sule guda daga hannun manomi a Unguwar Gai har ya isa baitulmali a birni. A nuna mana hannu nawa ya bi, da abin da kowane mai hannu yake tsoro. Wanda kuma yake ganin mun zalunci Temple ko mun yi wa Lugga sassauci, ya kawo hujjarsa, za mu karanta mu ƙaru.

Allah ya ƙara mana basira, ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.