Mai duba waya ya ce ba ta yi ba, sai kuma me?

'Yan uwa, tun 2012 dokar L.I. 2008 ta hana ECG haɗa wa gida wuta sai mai lasisin Energy Commission ya sa hannu a kan wayarsa. Ba mu ƙi ba, gobara ba ta sallama. Amma a tsofaffin gidajen haya na Adabraka da Nima, sai mai duba ya ce "ba ta yi ba", ya kama gabansa. Wace waya ce? Mene ne laifinta? Shiru. Mai gida ya ɗora wa ɗan haya kuɗin gyara, ɗan haya ya jawo wuta daga maƙwabci.

Muna so a rubuta laifin a takarda, in an gyara a sake dubawa kyauta. Ko a Bawku kake, tambayi ɗan takara wannan kafin ka dangwala masa.