Ba Kowace Shawara Ce Ta Jiƙo Ba

Bara da kaka idanun kawuna suka koma ruwan ɗorawa. Mutanen gida suka ce shawara ce, aka dukufa ba shi jiƙon rawaya har wata biyu. Fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari, ga ƙaiƙayi ya hana shi barci. Da aka kai shi asibiti aka ɗauki hoto, sai likita ya ce ciwon daji ne ya toshe hanyar madaciya.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ga yadda abin yake. Kullum hanta takan yi ruwan madaciya kamar rabin lita ko fiye, ya bi wata siririyar hanya ya zuba cikin hanji. In ƙari ya matse hanyar, sai ruwan ya koma cikin jini. To, yaya jiƙo zai buɗe ta?

Likitoci sukan zura na'ura ta baki har hanji, su sa ɗan bututu a wurin da ya toshe. Wani likita, Nib Soehendra, shi ya fara wannan a Hambug ta Jamus cikin 1979. Bututun roba yakan toshe bayan kamar wata 3, na ƙarfe ya fi daɗewa, amma ya fi tsada. Sa'an nan akan yi gashi, watau a haska wa ƙarin wani haske mai ƙarfi don ya rage girma. Wani lokaci ma cikin hanyar akan sa sinadarin gashin.

A nan gardama ta tashi a gidanmu. Likita ya faɗi gaskiya cewa ciwon ya wuce fiɗa, bututu da gashi sauƙi za su kawo, ba waraka ba. Wasu suka ce tunda haka ne, don me za a sayar da sa? Ni dai, da girmamawa ga iyayenmu, ban yarda ba. Wanda bai ga mutum yana susa har jini ba, bai san darajar barcin dare ɗaya ba.

An sayar da san. Kafin mako 3 ƙaiƙayin ya lafa, kawu ya koma cin tuwo. Ya yi wata 7 a duniya, da kansa ya ba da auren 'yarsa Asabar ɗin da ta biyo sallar layya.